Yaya ake saka alamar so, abota da zumunci a ƙagaggen labari ba tare da ta zama liƙi ba?

Sabon Alƙalami ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin rubutu da tace shi.

Akwai ƙagaggen labari a hannuna, babi 32, kalmomi wajen dubu 60. Ga ƙashin bayansa a taƙaice. Tauraruwar budurwa ce da mahaifinta ya rasu bayan doguwar jinya, ya bar musu gida ɗaya ita da yayanta. Yayan yana so a sayar a raba kuɗin, ita kuma ba ta so. Tana da aminiya tun ta makaranta, wadda a tsakiyar labarin tauraruwar za ta gano cewa ita ce ta haɗa yayan da mai sayen gidan. Sai kuma wani ma'aikacin jinya da suka saba a asibiti lokacin ciwon mahaifin, daga baya so ya shiga tsakaninsu.

Na so kowace alaƙa ta sami alamarta. Na ba soyayya jan fure, na ba aminan sarƙar wuya mai rabi biyu, na ba zumunci tsohuwar bishiya a tsakar gida. Waɗanda suka karanta sun ce furen da sarƙar kamar daga baya aka liƙa su, bishiyar kuma duk inda ta fito sai labari ya tsaya a shiga wa'azi.

Tambayata: yaya ake zaɓen abin da zai zama alama? Guda nawa littafi mai wannan tsawon zai iya ɗauka, kuma sau nawa kowace za ta fito? Sannan dole ne a wani wuri a fayyace wa mai karatu ma'anarta, ko a bar shi ya gano da kansa? Na gode.

Mai Jan Biro ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Malama, masu karatun naki sun gaya miki gaskiya, kuma ciwo ɗaya ne ya kama abubuwan uku. Kin fara riƙe ma'ana a hannu, sannan kika fita neman abin da za ki rataya ta a jikinsa. Ta ɗaya gefen ake farawa. Abu yakan fara samun aikin yi a labari, a buɗe ƙofa da shi, a zuba kaya a cikinsa, a yi rigima a kansa, ma'ana kuma ta riƙa taruwa a jikinsa saboda abubuwan da suka faru yana wurin.

Ga gwajin da za ki iya yi yau. Goge furen daga duk inda ya fito, ki sake karantawa. In babu abin da ya fasa faruwa, babu wanda ya makara, babu wanda ya kwana a waje, to furen ado ne kawai. Haka za ki yi wa sarƙar. Daga nan ki ɗauki babi biyar na farko, ki jera a takarda duk abin da hannun wani cikin taurarin ya taɓa: ƙofa, jaka, waya, bargo, takardar magani, komai ƙanƙantarsa. Za ki tara ashirin ko talatin. Ja layi a ƙarƙashin waɗanda mutum biyu suka taɓa. Alamominki suna cikin waɗannan.

Alaƙoƙin nan uku ba gini ɗaya ne da su ba, don haka abin da zai ɗauki ɗaya ba lallai ya ɗauki ɗaya ba.

Zumunci ba a zaɓensa. Ya riga mutum zuwa duniya, kuma ba a kwance shi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Abin da zai ɗauke shi sai ya kasance tsoho, ba ya rabuwa gida biyu, kuma ana iya hana wani shi. Bishiyarki tana da tsufa, amma ba ta motsi, ba ta sauya hannu. Shi ya sa duk lokacin da kike so ta yi aiki sai kin kai mutum gindinta ya zauna yana tunani, labari ya tsaya cak. Rigimar littafinki a kan gida take, to ki duba ƙofar gidan. A ce mabuɗi ɗaya ne, na mahaifin, ƙofar kuma ta ɗan sauka saboda tsufa, sai an ɗaga ta kaɗan kafin mabuɗin ya juya. 'Yan gida ne kaɗai suka san haka. A babi na 2 tauraruwar ta dawo da ledar magunguna a hannu, ta tura gwiwa ta ɗaga ƙofar ta buɗe ba tare da ta ko lura ba, jimla ɗaya ta wadatar. A babi na 9 mai sayen gida ya yi ta fama da ita, yayan ya karɓi mabuɗin bai ce komai ba, ya ɗaga ya buɗe. A babi na 17 yayan ya sauya kuba, ta zo mabuɗinta ya ƙi shiga. Amma ƙofar ce ta sauka, ba kubar ba, saboda haka sabon mabuɗin ma ba ya juyawa sai an ɗaga. Ya iya hana ta shiga, bai iya sauya yadda ake shiga gidan ubansu ba. Ba ki bukatar rubuta wannan jimlar tawa a littafin. Mai karatu zai kai gare ta da ƙafarsa.

Abota zaɓe ce, tsakanin tsara, kuma ba ta da takarda ko shaidu. Tana iya mutuwa ba a yi faɗa ba. Abin da ke riƙe ta shi ne kai-komo: yau nawa a hannunki, gobe naki a hannuna, babu mai lissafi. Wani Bafaranshe masanin zaman al'umma, Marcel Mauss, ya fitar da nazari a kan kyauta a 1925, inda ya nuna cewa wajibai uku ke cikinta: bayarwa, karɓa, da ramawa. Abin da marubuci zai ɗauka daga nan shi ne, muddin akwai abin wani a hannun wani, alaƙa tana da rai. Ranar da aka biya komai daidai, an rufe ta. Matsalar sarƙa mai rabi biyu ke nan: an raba an gama tun ranar farko, kowa ta rataya nata, babu abin da ya rage ya faru sai dai a tsinke ta, kuma kowa ya san za a tsinke. Gwada abin aro. A ce akwatin tafiya ne na aminiyar, tauraruwar ta ara tun suna makaranta, shekaru yana wurinta, da shi ta yi ta jigilar kayan mahaifinta zuwa asibiti har mariƙinsa ya karye. Aminiyar ba ta taɓa tambaya ba, har zolayarta take a kai. Bayan asiri ya tonu, tauraruwar ta kai aka gyara mariƙin, ta goge shi tas, ta ba wani yaro ya kai mata. Babu wasiƙa a ciki. Duk wanda ya taɓa yin aminiya zai ji zafin gyaran mariƙin nan fiye da zafin zagi shafi uku.

So kuma zaɓe ne, amma yana da abin da abota ba ta da shi: fargaba, da ɓoyo a farkonsa, da bukatar a riƙa sabunta shi. Fure ya sha aiki a littattafai har ya gaji, mai karatu yana ganinsa ya san abin da ake nufi, ya wuce bai ji komai ba. Nemi abin da ya fito daga sana'ar mutumin da wurin da suka haɗu. Ma'aikacin jinya mai kwanan aiki yana da ƙaramar tocila a aljihu. Daren da wuta ta ɗauke tana zaune gefen gadon mahaifinta, ya miƙa mata ya wuce wurin wani majinyacin. Gilashinta ya tsage, ya naɗe da filasta. Ta manta ba ta mayar ba, ko kuma ta ce wa kanta mantuwa ce. Tocila tana cin batir, dole wani ya riƙa sauyawa, kuma a nan amfaninta yake: akwai babin da za ta kunna ta ga haske ya yi ja, akwai babin da za ta sayi batir alhali kuɗin hannunta ba su da yawa. Sai dai ki toshe wata kafa tun da wuri. Mai karatu na yau zai ce me ya hana ta kunna fitilar waya. Ki nuna cajin wayar ya ƙare tun da yamma, rabin jimla ce. Kuma ki guji duk wata magana ta cewa ya zame mata haske cikin duhu. Da zarar kin rubuta haka, tocilar ta koma fure.

Batun yawa. A littafi mai babi 32 ina ganin babbar alama ɗaya da ƙanana biyu sun isa. Babbar ta fito sau biyar zuwa bakwai, ƙananan sau uku ko huɗu. Kowacce ta fara bayyana kafin a wuce babi na 5, cikin jimla ɗaya ko biyu, a tsakiyar wani aiki, ba a ƙarshen babi ba, domin duk abin da aka ajiye a ƙarshen babi an buga masa ganga. Kada tazarar da ke tsakanin fitowa biyu ta wuce babi takwas, mai karatu zai manta. Ƙa'idar da ta fi waɗannan duka: kada abin ya dawo yadda ya tafi. Ko dai ya sauya hannu, ko ya sauya hali, ko wanda ke kallonsa ya sauya. In ya fito sau biyu a hannu ɗaya cikin hali ɗaya, goge ɗaya.

Fayyacewa kuwa, a'a. Bishiyar ki bar ta a tsakar gida a matsayinta na bishiya, a shanya kaya a jikinta, ki cire duk sakin layin da wani ya tsaya yana kwatanta saiwoyinta da kakanni.

Manazarciya ta rubuta:

Malam Mai Jan Biro ya ɗauke mana mafi yawan nauyin. Zan ƙara ta ɓangaren nazari, kuma akwai wuri ɗaya da na ɗan saɓa masa.

'Yar'uwa, ki fara rarrabe dabaru uku da ake yawan cakuɗawa. In kika ce zumuncinsu ya zama kamar ƙofar nan, kamance kika yi. In kika ce yayana rufaffiyar ƙofa ne, siffantawa ce. A alamtarwa ƙofar tana nan a matsayinta na ƙofa, ana shiga ana fita, ba wanda ya haɗa ta da komai da baki. Abin da ya sami bishiyarki shi ne kin gina ta a matsayin alama, sannan kika dawo kika yi mata kamance a kai. Ki bincika rubutun a kwamfuta, ki nemo duk inda "kamar", "tamkar" ko "sai ka ce" suka zo kusa da abin da kike so ya zama alama. Yawancinsu gogewa za ki yi.

Inda na saɓa: ba dole ne kowace alaƙa ta sami abinta daban ba. Wani lokaci abu ɗaya da ya ratsa alaƙoƙin duka ya fi ƙarfi. Dubi ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam. Ba ƙagaggen labari ba ce, gaskiya ce daga Ubangiji, amma Alƙur'ani da kansa ya kira ta mafi kyawun labari, kuma malaman tafsiri tun da daɗewa sun lura da yadda riga ta ratsa ta. A aya ta 18 ta surar, 'yan'uwansa sun kawo wa mahaifinsu rigarsa da jinin ƙarya. A ayoyi na 25 zuwa 28 an yage rigarsa ta baya, yagewar ta zama shaidar da ta wanke shi. A ayoyi na 93 zuwa 96 ya aika da rigarsa, mahaifin ya ji ƙanshinsa tun ayari na hanya, aka jefa ta a fuskarsa ganinsa ya dawo. Ba riga guda ba ce, shekaru masu yawa ne tsakani, amma abu iri ɗaya ne, kuma kowane karo aikinta daban: an yi ƙarya da ita, ta faɗi gaskiya, ta zo da waraka. Hassadar 'yan'uwa, sha'awar da ta wuce iyaka, da son uba ga ɗansa, duk sun bi ta kanta. Babu inda aka tsaya aka ce riga tana nufin kaza.

To ƙofar nan taki za ta iya yin irin wannan ratsawar. Aminiyar tun tana yarinya take shiga gidan, ta san sirrin ɗagawar. Ni da zan sauya babi na 9 da Malam ya tsara: mai sayen gida ya zo karo na biyu shi kaɗai, tauraruwar tana kallo ta taga, ta ga ya ɗaga ƙofar ba tare da ya yi fama ba. Yayan ba ya gari a makon. Wa ya gaya masa? Kin ga alama ta zama hanyar tonon asirin, ba sai wata ta zo ta kawo tsegumi ba. Shi kuma ma'aikacin jinyar bai sani ba, duk zuwansa sai an buɗe masa. Ranar da tauraruwar ta tsaya a bayansa ta ce masa ya ɗan ɗaga, ta faɗi abin da ya fi "ina son ka" nauyi a wannan littafin. Haɗarin wannan hanya shi ne lodi. In ƙofa ta ɗauki komai za ta fito sau goma sha biyar, mai karatu ya fara jin hannun marubuciya a wuyansa. Don haka ki riƙe akwatin da tocilar, amma ki rage musu fitowa, ƙofar ta zama uwa.

Kada kuma ki ɗauka alama sai abin da ake riƙewa a hannu. Ɗabi'a ma takan zama alama. Ibn Hazm, malamin Andalus da aka haifa a Ƙurɗuba a 994 ya rasu a 1064, ya rubuta littafi mai babi talatin a kan so, ya ware babi guda ga alamominsa. Cikin abin da ya lissafa akwai yawan kallo, da gaggawar zuwa inda masoyi yake, da neman zama kusa da shi, da shan ragowar abin da ya rage a ƙoƙonsa. Duka abubuwa ne da ido ke gani, babu ko ɗaya da ke bukatar a leƙa zuciya. Labarin zuciya a tambayi fuska. Ki ba kowace alaƙa ɗabi'a ɗaya irin wannan: yayan ba ya zama a kujerar mahaifinsu ko da babu wata, aminiyar tana ƙarasa mata jimla. Ranar da ya zauna, ko ranar da ta yi shiru ta bar ta ta ƙarasa da kanta, an faɗi komai.

Don bin diddigi, ki zana jadawali mai gida huɗu: lambar babi, hannun wa abin yake, wane hali yake ciki, me ya faru daf da fitowarsa. Ki karanta gida na biyu da na uku daga sama zuwa ƙasa ba tare da littafin ba. In sun ba da labarin alaƙar su kaɗai, aiki ya yi. In layi biyu sun zo iri ɗaya, nan ne maimaicin da Malam ya ce a goge.

Sabon Alƙalami ta rubuta:

Allah Ya saka da alheri, Malam da Malama. Ƙofar ta zauna mini sosai. Saura abu biyu. A babi na 28 wani mutum zai bayyana ya ce shi ma ɗan mahaifin ne daga wani aure da ba su sani ba. Na shirya ya nuna zobe mai sunan mahaifin, kuma a ga yana da tabon haihuwa a wuya irin na yayan. Wannan ma liƙi ne? Na biyu, tauraruwar ce ke ba da labarin da bakinta, "na yi, na ce". In ita ce mai magana, yaya za ta yi ta ganin ƙofa da akwati ba ta taɓa faɗin abin da suke nufi gare ta ba? Kuma a intanet zan fara sakinsa, babi biyu a mako.

Tsohon Makaranci ya rubuta:

'Yata, zoben da tabon tsohuwar dabara ce, kuma tun da daɗewa aka gano rauninta. Aristotle, masanin Girka na ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, ya jera hanyoyin da taurari ke gane juna a wasan kwaikwayo. Ganewa ta hanyar tabo, ko sarƙar wuya, ko wata shaida da aka ɗauko daga waje, ita ya ajiye a ƙasa, ya ce ita ce mafi ƙarancin fasaha. Wadda ya ɗora a sama ita ce wadda ta tsiro daga abubuwan da ke faruwa a labarin kansu. Dalilin a fili yake. Zobe bai sha wahalar komai a littafin ba, babi 27 ba a san da shi ba, sai ga shi ya zo ya yanke hukunci. Mai karatu yakan ji an yi masa wayo. Ga shi kuma ana sayen zobe, ana satarsa, don haka ko a cikin labarin ba hujja ba ne.

Kina da abin da ya fi shi a hannu. Baƙon ya zo, yayan ya miƙa masa sabon mabuɗi cikin gatse ya ce in gidan ubansa ne ya buɗe. Ya sa mabuɗin, ya ƙi juyawa, ya ɗan yi jim, sai ya tura gwiwa ya ɗaga. Mai karatu ya riga ya koya tun babi na 9 cewa duk wanda ya ɗaga ƙofar nan wani na ciki ne ya nuna masa. Yayan bai nuna masa ba, aminiyar ba ta san shi ba. Saura mutum ɗaya, kuma yana kabari. Nan take tambaya ta sauya daga "ɗansa ne?" ta koma "yaushe Baba ya kawo shi gidan nan, muna ina?", wadda ta fi ciwo nesa ba kusa ba. Sharaɗi biyu: tazarar da ke tsakanin wannan da na mai sayen gida ta kai babi goma ko fiye, kuma kada kowa a wurin ya ce "ya san sirrin ƙofar". Su yi shiru, wani ya kawo masa kujera. Ki kuma tuna cewa wannan hujjar zuciya ce. Rabon gado yana bukatar shaidu da takardu, ki bar wannan ya bi hanyarsa daban a babi na gaba, in ba haka ba masu karatun da suka san shari'a za su yi miki ca.

Batun mai ba da labari da bakinta, hanya uku ce. Ta farko, ta faɗi abin da hannunta ya yi, ta tsallake dalili: na kai akwatin aka gyara, na biya, na ba yaro. Mutane haka suke ba da labarin abin da ya yi musu zafi, sukan tsaya a kan aikin. Ta biyu, ta ba da dalilin da bai kai ba: ta ce ta riƙe tocilar ne don ba ta sami lokacin komawa asibiti ba, alhali mun ga ta wuce ta ƙofar asibitin sau biyu. Mai karatu yana jin daɗin ya riga tauraruwa sanin zuciyarta, kuma wannan tazarar ita ce ribar wannan salon. Ta uku, ki ba ta dama sau ɗaya tak a littafin duka ta kusanci ma'anar, jimla ɗaya, cikin zance da wani, kuma ba a babin ƙarshe ba. In ta yi a babin ƙarshe ya zama jawabin rufe taro.

Sakin babi biyu a mako yana nufin littafin zai ɗauki mako 16. Tazarar babi takwas da aka ba ki wata guda ke nan a wurin mai bibiya, ya yi yawa. Ki rage ta koma babi huɗu ko biyar, ta hanyar ambato mara nauyi: akwatin yana saman kabad ana neman wani abu, tocilar ta faɗo daga jaka. Irin waɗannan ba sa cikin lissafin manyan fitowa, kuma in za a buga littafin a takarda sai ki cire rabinsu. Sannan ki tsare siffar abin da kalmomi iri ɗaya. In filasta ce a gilashin tocilar a babi na 4, kada ta koma zare a babi na 20. Masu bibiya suna kama irin wannan fiye da editoci.

Launi da yanayin sama kuwa ki yi hattara da su. Ma'anar launi ba ɗaya ba ce a ko'ina: baƙi ne tufafin makoki a yawancin Turai, fari ne a Indiya da Sin. Ruwan sama a ranar rabuwa kuma ya zama na kowa. In kina so ki yi amfani da su, ki gina musu ma'ana a cikin littafin kamar yadda kika gina wa ƙofar.

Mai Jan Biro ya rubuta:

Na karɓi gyaran Malama Manazarciya a kan babi na 9, nata ya fi nawa, domin ya sa ƙofar ta tura labari gaba. Abin da Baba Tsohon Makaranci ya kawo na babi na 28 kuma ya rufe zancen zobe.

Ƙari biyu kawai, Malama Sabon Alƙalami. Kada ki warware alamomin uku a babi ɗaya, kuma kada dukansu su ƙare lafiya ko dukansu su lalace. In akwatin ya dawo, ƙofar ta buɗe, tocilar ta haska duk a shafuka goma na ƙarshe, za a ga ɗinkin. Ki rufe na abota wajen babi na 24 ko 25, na so wajen na 30, ƙofar ta kai ƙarshe. Ɗaya daga ciki ki bar shi a buɗe. Ni akwatin zan bari: aminiyar ta karɓa, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba, ko kuma a ga ta yi tafiya da wani sabo.

Idan kin gama gyara, ki ba mutum uku da ba su ga tsohon rubutun ba, kada ki ambaci alama ko kaɗan. Bayan mako ɗaya da gamawarsu ki tambaye su abubuwan da suke tunawa a gidan, da lokacin da suka tabbatar abotar ta mutu, da lokacin da suka san tana son mutumin. In biyu cikin uku suka ambaci ƙofar ko akwatin da kansu, ya zauna. In suka ce sun gane ƙofar tana wakiltar zumunci tun babi na 2, kin danna da yawa, ki koma ki rage jimlolin fitowarta ta farko. In babu wanda ya tuna tocilar, ki duba ko tana da aikin yi a fitowarta ta biyu, domin yawanci a nan ƙaramar alama take mutuwa.